Shaidata kan takarar kansila a Abuja: inda ake rasa kujera tun kafin ranar zaɓe

Aikina a siyasa riƙe fayil ne. Ba na hawa mumbari, ba na riƙe lasifika. Ni ne mai bin masu neman kansila da shugabancin ƙaramar hukuma a Babban Birnin Tarayya ina cewa kawo takardar haihuwa, kawo fasfo, tashi mu je kotu ka yi rantsuwa. Shaidar da zan bayar daga wannan aiki ita ce: da yawa daga cikin waɗanda suka rasa wannan kujera, a kan takarda suka rasa ta, watanni kafin a kafa rumfar zaɓe. Mutum yana da jama'a, unguwa na sonsa, ya yi hidima, amma harafi ɗaya a sunansa ko kwana ɗaya da ya makara ya raba shi da tikiti. Abin yana ci mini rai, domin kansila shi ne zaɓaɓɓen da talaka ke iya ƙwanƙwasa wa ƙofa da asuba, kuma sau da yawa nagarin ne suka fi sakaci da takarda.

Yawancin ƙa'idojin da zan kawo na Dokar Zaɓe ta 2022 ne, wadda da ita aka tsara jadawalin zaɓen ƙananan hukumomin Abuja na 21 ga Fabrairu, 2026. A 2026 an maye gurbin wannan doka da sabuwa, kuma majalisa tana yawan taɓa dokar zaɓe, saboda haka mai niyyar takara ya riƙa ƙirga kwanakinsa da jadawalin da INEC ta fitar na zaɓen da ke gabansa.

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774. A cikinsu 768 suna jihohi, kuma hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓensu. Shida ne kawai INEC ke shirya wa da kanta: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta cikin birni da ake kira AMAC. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha, don haka daga kansila da ciyaman sai 'yan majalisar tarayya. Mazaɓun kansila 62 ne: AMAC na da 12, sauran biyar kowacce na da 10. Idan aka haɗa da kujerun shugabanni shida, kujeru 68 ke nan ake fafatawa a kansu. A da wa'adin shekara uku ne, dokar 2022 ta mai da shi huɗu.

Yanka mazaɓa aikin INEC ne. Doka ta ce kowace ƙaramar hukuma a Abuja kada mazaɓunta su gaza 10, kada su wuce 20, a yi ƙoƙari yawan jama'arsu ya yi kusa da juna, kuma a sake duba iyakokin bayan aƙalla shekara goma. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, duk wanda ya san Gwarinpa ko Kabusa ko Kubwa ya san birni ya cika ya tumbatsa a can, amma kansila ɗaya ne da kowacce, daidai da mazaɓar da ke can cikin ƙauyuka. A ganina wannan rashin adalci ne ga mai zaɓe da shi kansa kansilan. A 2021 an ƙara rumfunan zaɓen Abuja daga 562 zuwa 2,822, amma adadin mazaɓu bai motsa ba.

Abin da ya fi shafar ɗan takara a nan shi ne iyakar unguwa daban, iyakar mazaɓa daban. Titi ɗaya yana iya raba mazaɓu biyu. Kada ka dogara da abin da mai unguwa ya faɗa maka. Ɗauko katin zaɓenka ka duba lambar nan mai gida huɗu: gidan farko na jiha ne, Abuja 37, na biyu ƙaramar hukuma, na uku mazaɓa, na huɗu rumfa. Wanda ya yi rajista a Nyanya ya koma Karu da zama, sunansa na Nyanya har sai ya nemi a mayar da shi, kuma neman canjin wurin zaɓe yana rufewa kwana 90 kafin zaɓe. Akwai 'yan takarar da ranar zaɓe ba sa iya jefa wa kansu ƙuri'a saboda wannan.

Sharuɗɗan tsayawa ba su da yawa. Ka zama ɗan Najeriya, kana da rajistar zaɓe, ka kai shekara 25 idan kansila kake nema, ko 30 idan shugaba ne ko mataimakinsa, ka yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa, sannan kana cikin jam'iyya kuma ita ta tsayar da kai. Babu ɗan takara mai zaman kansa. Babu kuma inda dokar ta ce sai ɗan asalin Abuja. Bahaushe ko Bayerabe ko Ibo da ke zaune a mazaɓa yana da damar da Bagwari yake da ita, ko da yake siyasar jam'iyya na iya yin nata lissafin.

Kalmar "makamancinsa" tana ruɗa mutane har su je su sayo takardar bogi, alhali ba su buƙace ta ba. Sashe na 318 na tsarin mulki ya faɗaɗa ma'anar: takardar malanta mai daraja ta biyu ta shiga, kaiwa matakin sakandare ya shiga, har mai takardar firamare yana iya shiga idan ya yi aikin shekara goma, ya halarci kwasa-kwasan da suka kai shekara ɗaya a jimla, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda INEC ta gamsu. Ba a ce sai ka ci darussa biyar ba. Sakamakonka na gaskiya, ko da ja ya cika shi, ya fi na jabu mai kyan gani, domin gabatar wa INEC takardar jabu kaɗai ya isa ya hana ka takara.

Sauran abubuwan da ke hana mutum: karɓar zama ɗan wata ƙasa da son ransa, hukuncin kotu na taɓin hankali, karyewar arziki da kotu ta ayyana, zama ɗan ƙungiyar asiri, da hukunci kan laifin rashin gaskiya cikin shekara goma kafin zaɓen. Sai batun ajiye aiki, inda ake yawan cakuɗa abu biyu. Ma'aikacin gwamnati, kamar malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, doka ta ba shi har kwana 30 kafin ranar zaɓe ya ajiye aiki. Mai muƙamin siyasa kuwa, irin mai ba ciyaman shawara ko kansilan naɗi, sashe na 84 ƙaramin sashe na 12 na Dokar Zaɓe ya hana shi zaɓa ko a zaɓe shi a zaɓen fidda gwani muddin yana kan muƙamin. Shi tun kafin fidda gwani zai sauka. Kowanne daga cikinsu ya tabbata an buga wa kwafin takardar murabus ɗinsa hatimin karɓa da kwanan wata, kuma ya daina taɓa albashi. Albashin wata ɗaya da ya shiga asusu bayan ranar da ka ce ka ajiye aiki, shi lauyan abokin hamayyarka zai fara nema.

Yanzu ga inda na fi daɗewa da kowane ɗan takara: suna. Mu Hausawa muna da wannan matsala fiye da kowa. A firamare an rubuta Mamman Sani, a sakandare Mohammed Sani tare da sunan garinsu, a katin zaɓe Muhammad Sani Abdullahi, a katin ɗan ƙasa kuma an juya jerin. A gida duk mun san mutum ɗaya ne. Alƙali takarda yake karantawa. Haka shekarar haihuwa: wata a takardar rantsuwar shekaru, wata a takardar makaranta. Mata kuma ga sunan uba a takardun karatu, ga sunan miji a katin zaɓe. Kowa ya tuna Bayelsa: ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon a matsayin gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Tikitin ciyaman da mataimakinsa ma haɗe yake, laifin ɗaya yana cin ɗayan.

Yadda ake yi shi ne a baje duk takardun a tebur ɗaya, aƙalla shekara guda kafin fidda gwani, a bi su harafi bayan harafi. Kuskuren da ke jikin takardar jarrabawa, hukumar da ta bayar da ita ce ke gyarawa, WAEC ko NECO, kuma yana ɗaukar lokaci. Rantsuwar kotu ta 'yan mintoci ba ta gyara takardar da wata hukuma ta bayar. Canjin suna na gaske, kamar na aure, a bi shi ta hannun lauya yadda ya kamata, a buga a jarida, a adana shafin jaridar gaba ɗaya da kwanan watansa. Sannan a fom, kada ka jera takardun da ba a tambaye ka ba. Idan ta sakandare ta wadatar, difloma mai shakku ta zauna a gida.

Daga nan sai jam'iyya. Kwana 30 kafin fidda gwani dole ta miƙa wa INEC rajistar 'ya'yanta. Idan sunanka ko na magoya bayanka ba ya ciki, katin jam'iyyar da ke aljihunku ba zai yi muku amfani ba ranar rigima. Je wurin sakataren mazaɓa ka ga littafin da idonka tun kafin a tura shi. Dole kuma jam'iyya ta ba INEC sanarwar kwana 21 kafin taron, da rana da wuri, kuma rashin sanarwar yana ɓata taron baki ɗaya. Wannan ne ya sa sauya wurin taro cikin dare, daga makarantar firamaren da aka sanar zuwa gidan wani babba, yake da haɗari ga wanda aka yi dominsa. Jami'in INEC yana can inda aka sanar, rahotonsa kuma zai ce bai ga zaɓe ba.

Dokar 2022 ta san hanyoyi uku na fitar da ɗan takara: 'yar tinƙe, wato ƙato bayan ƙato, inda duk ɗan jam'iyya mai rajista ke zaɓe, ta daliget, wato wakilai, da ta maslaha. Amma game da kansila ta fito fili ta ce a yi 'yar tinƙe a mazaɓa, wanda ya fi ƙuri'a a tura sunansa. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, shi ya sa suke yin shiru idan shugabannin mazaɓa su 'yan kaɗan suka shiga ɗaki suka fito da suna. Maslaha kuwa ba ita ce uban gida ya nuna yatsa ba. Sai kowane mai nema da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye don kansa kuma ya amince da wane, sannan a yi taron tabbatarwa. Mutum ɗaya ya ƙi sa hannu, an koma zaɓe. Don haka duk takardar da aka miƙo maka a ɗakin sulhu, karanta ta kafin ka sa hannu. Farar takarda da aka ce ka sa hannu "don shaidar halarta", kada ka taɓa ta.

Ranar fidda gwani ka tanadi abu uku: kwafin takardar sakamako mai sa hannun shugaban kwamitin da uwar jam'iyya ta turo, hoto ko bidiyon layi da ƙirga, da sunan jami'in INEC da ya sa ido. Daga baya ka nemi kwafin rahotonsa mai hatimi. Wanda ya raina wannan ya tuna Zamfara, inda a ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta ce duk ƙuri'un APC sun tashi a banza saboda ba ta yi sahihin fidda gwani ba. A nan gida ma, a zaɓen 12 ga Fabrairu, 2022, APC ce ta fi ƙuri'a a shugabancin Abaji, amma ba a iya bayyana sunan wanda ya ci a ranar ba, saboda mutum biyu na kotu a kan tikitin.

Cin fidda gwani bai sa ka zama ɗan takara ba tukuna. Sai sunanka ya shiga rumbun INEC. Dubi jadawalin 2026: fidda gwani daga 9 zuwa 30 ga Yuni, 2025, shafin intanet na tura sunaye ya buɗe 21 ga Yuli ya rufe ƙarfe shida na yamma 11 ga Agusta, jerin ƙarshe 22 ga Satumba, yaƙin neman zaɓe daga 24 ga Satumba zuwa 19 ga Fabrairu. Ba kai ke tura takardunka ba. Lambar sirrin shiga shafin tana hannun uwar jam'iyya ta ƙasa, kuma sa hannun shugabanta da sakatarenta ake nema. Tsakanin mazaɓarka da wannan ofis ne suna ke ɓacewa ko ya rikiɗa. Jam'iyyu kuma sun saba jira sai ranar ƙarshe, intanet ya cushe, fayil ya ƙi hawa, shida ta buga shafi ya rufe kansa. Ba ya jin magiya. Ka tsaya a kai har ka ga takardar shaidar cewa an karɓa.

Fom biyu ne ginshiƙi. EC9 shi ne bayaninka: suna, haihuwa, makarantu, wuraren aiki, da tambayoyin e ko a'a, kuma rantsuwa ce da ake yi a gaban kwamishinan rantsuwa na babbar kotu. Ka cike shi da kanka, kada ka bar wa yaron shagon kwamfuta, don kai za a kama da abin da ke ciki. EC13 kuma shi ne na masu tsayar da kai, mutanen da sunansu ke cikin rajistar masu zaɓe ta mazaɓar. Abin da ke lalata shi: a sa ɗan uwa da ke da kati a wata mazaɓa, a kuskure lambar kati, ko mutum ɗaya ya sa wa 'yan takara biyu hannu a kujera ɗaya. Wannan na ƙarshen laifi ne mai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Ka karɓi kwafin katin kowannensu, ka duba gida na uku na lambar nan. Kai ma kada ka yarda jam'iyya biyu su tsayar da kai, ko a tsayar da kai a mazaɓa biyu, wai ko wannan ta faɗi waccan ta tashi. Duka biyun sun ɓaci.

Cikin kwana bakwai da karɓa, INEC za ta liƙa bayanan 'yan takara a yankin. Je ka karanta naka, ka karanta na abokan karawarka. Kowa na iya biyan kuɗi ya nemi kwafi mai hatimi, a ba shi cikin kwana 14. Sai dai ƙarar cewa wani ya yi ƙarya a fom, dokar 2022 ta taƙaita ta ga wanda ya shiga fidda gwanin jam'iyyar tare da shi, kuma a Babbar Kotun Tarayya. Jam'iyyar da ta gabatar da wanda bai cancanta ba tana fuskantar tarar naira miliyan 10. Idan jerin ƙarshe ya fito babu sunanka, jam'iyya ce za ta rubuta wa hukumar, kada ya gaza kwana 90 kafin zaɓe.

Da zarar an tura suna, jam'iyya ba ta da ikon canza shi sai da ɗayan biyu: mutuwa, ko janyewar ɗan takara da kansa a rubuce, ita ma kwana 90 kafin zaɓe. Ko a hakan ba a ɗauko wani a liƙa. Sai an sake fidda gwani cikin kwana 14.

Kwana 14 ɗin da suka fi kowanne cin mutane su ne na sashe na 285 na tsarin mulki. Duk ƙarar da ta shafi abin da ya faru kafin zaɓe, cikin kwana 14 da faruwarsa ake shigar da ita. Ka ƙirga har da ranar da abin ya faru, da Asabar da Lahadi. Ga yadda ake yi wa mutane: an ƙwace maka tikiti, sai dattawan jam'iyya su ce ka yi haƙuri, an kafa kwamitin sulhu, ranka ya daɗe zai kira ka idan ya dawo daga tafiya. Kana jira, kwana na tafiya. Ranar sha biyar waya ta daina shiga. Girmama manya wajibi ne, kuma sulhu alheri ne, amma ka shigar da ƙararka sannan ka je zaman. Idan an daidaita, janye ƙara ba ta da wuya.

Batun kuɗi: INEC ba ta sayar da fom, jam'iyyu ne ke sayar da nasu. Iyakar abin da dokar 2022 ta yarda ɗan takarar kansila ya kashe a kamfe naira miliyan 5 ne, na shugaba miliyan 30. Ka riƙe wannan adadi ka dubi Kano, mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Gabanin zaɓen 26 ga Oktoba, 2024, hukumar zaɓen jihar ta fara sanar da naira miliyan 10 kuɗin fom na ciyaman, miliyan 5 na kansila, har batun ya kai kotu. Kuɗin fom kaɗai ya yi daidai da duk abin da aka yarda kansilan Abuja ya kashe. Matashi mai shekara 25 a ina zai samo shi in ba wurin uban gida ba? Kuma wanda aka saya wa fom, wa zai yi wa aiki? Sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce jihohi su bi tsarin da ake bi a Abuja, sannan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya haramta shugabannin riƙo. Duk da haka mai takara a jiha ya nemi dokar jiharsa ya karanta, domin wasu kan ƙara sharuɗɗa irin su takardar biyan haraji, kuma wa'adin mulki ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Lissafin nasara mai sauƙi ne ga kansila: wanda ya fi ƙuri'a ya ci, idan aka yi kunnen doki a sake. Ciyaman kuwa sai ya haɗa rinjaye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na mazaɓu. A AMAC takwas ke nan cikin 12. Mai mazaɓa goma ya nemi bakwai ya huta. Rumfar da ƙuri'unta suka fi adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance, soke ta ake yi, kuma idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin rumfunan da aka soke ba, sai an koma. Aringizon da wani ya yi da sunan taimakonka yana iya cinye rumfar da ka fi ƙarfi.

Ejan ɗin ka ma takarda ce ke shigar da shi. Sai jam'iyya ta tura sunansa da hotonsa da samfurin sa hannunsa cikin wa'adin jadawali, a buga masa kati. Wanda ba shi da katin ɗan kallo ne. Zaɓi mai iya karatu da lissafi, wanda zai zauna har a cike takardar sakamakon rumfa, ya gwada alƙaluma da kalmomi, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya raka sakamakon zuwa cibiyar tattarawa ta mazaɓa. Idan aka bayyana wani kuma kana da ja, kwana 21 gare ka ka shigar da ƙara a kotun zaɓen ƙananan hukumomi da Babban Alƙalin Abuja ke kafawa. Daga ita sai kotun ɗaukaka ƙarar zaɓen ƙananan hukumomin, kuma a nan shari'ar take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Abin da za a nema a hannunka a can shi ne kwafin sakamakon kowace rumfa da kake ƙorafi a kanta, da ejan ɗin da ya tsaya a wannan rumfar da kansa ya zo ya ba da shaida.